Zumar Kebbi zuwa ƙetare: mota, jirgin sama ko jirgin ruwa?

Ɗan ƙanwata, wanda ke saro zuma a ƙauyukan ƙasar Zuru yana kawowa Birnin Kebbi, ya same ni bayan la'asar da waya a hannu, baki har kunne. Wani ɗan Nijeriya mai shagon kayan abinci a Ingila ya ga hoton zumarsa a WhatsApp, ya ce a fara aika masa da rabin tan ya gwada, in ta karɓu sai a yi maganar kwantena. A makon kuma wani ɗan kasuwa daga Gaya ta Nijar ya yi masa maganar jarka 40, kuɗi hannu, a kai masa Kamba, garin da ke bakin iyaka.

"Kawu, wanne zan kama? In kuma na Ingilan ne, ta sama zan aika ko ta ruwa?"

Ni dai ba mai zuma ba ne, dako na sani. Na yi shekaru ina loda albasar Aliero da busasshen kifin Yauri zuwa kudu da ƙetaren iyaka. Amma zuma ta sha shiga motata, kuma na ga yadda take kunyata mai ita a hanya. Abin da na faɗa masa shi ne zan shimfiɗa a nan, don na lura tambayar ta yi yawa a bakin matasan da suka shiga harkar.

Kafin a zaɓi hanya sai an san halin kayan. Zuma ta fi ruwa nauyi nesa ba kusa ba: lita guda tana kai kilo 1.4. Jarkar nan mai lita 25 da yaro ke ɗauka cike da ruwa, in zuma ce a ciki kilo 35 ce. Duro mai lita 200 kuwa yana cin kilo 280 zuwa 300, ƙarti biyu ba sa ɗaga shi. Duk lissafin dakon zuma a kan wannan nauyin yake tafiya, domin kuɗin jirgin sama da kilo ake yanka shi, ita kuma kwantena nauyi ne ke cika ta tun fili bai ƙare ba.

Abu na biyu ruwan da ke cikinta. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin 100, manyan masu saye kuma sun fi son 18 ko ƙasa da haka. Zumar da aka cire tun ƙuda bai rufe saƙa ba, ko wadda aka matse haɗe da 'ya'yan ƙuda kamar yadda ake yi wa amyar gargajiya da dare, ruwanta kan yi yawa. A kasuwar Zuru ba za ka gane ba, don kafin ta nuna hali an shanye ta. Amma bar ta wata guda a rufe cikin zafi: za ta yi tsami, ta taso da kumfa, jarka ta kumbura kamar cikin jaki. Na taɓa sauke irin wannan lodin, murfi biyu sun yi tsalle a hanya, ƙudaje suka raka mu har sito, mai kayan kuwa ya rantse da Allah zumarsa lafiya lau ya loda ta. Gaskiya ya faɗa. A hanya ta lalace, amma tun daga amya ta ɗauko ciwon.

Na uku shi ne zafi, kuma a nan ne ƙasarmu ta ba mu da hannun dama ta karɓe da na hagu. Busasshiyar iskar rani tana sa zumar da aka girbe kafin damina ta yi kauri, ruwanta kaɗan. Sai dai lokacin girbin shi ne lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40. Zafi yana haifar da wani sinadari a cikin zuma da ake kira HMF, wanda masu gwaji ke aunawa su gane ko zuma ta tsufa ko an dafa ta. Iyakarsa miligiram 40 a kilo, an ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi zuwa 80. Abin da zai ɗauki watanni kafin ya taru a digiri 30, makonni ne a digiri 40, kwanaki ne a digiri 50. Cikin kwantenar ƙarfe da ta yini a rana kuwa yana iya wuce hamsin ɗin. Wanda ya ɗora saƙa a kan wuta don kaki ya rabu da zuma, shi ya ma cinye rabonsa na HMF tun kaya ba su bar gida ba. Hausawa sun ce zuma sai da wuta, amma wajen cirewa ake nufi, ba wajen tacewa ba.

Gwajin da muka saba da shi, a tsoma ashana a kyasta, ko a ɗiga zuma a ruwa a ga ko za ta nutse, ba ya ƙetare iyaka. A can ɗakin gwaje-gwaje ke magana. Akwai gwajin da ke bambanta zaƙin fure da zaƙin rake ko na masara, don haka wanda ya surka da maɗi ko narkakken sukari asirinsa a fili yake. Kuma idonsu a buɗe yake yanzu: a rahoton da Tarayyar Turai ta fitar a 2023, cikin samfuri 320 na zumar da aka shigo da ita daga waje, an yi zargin algus a kashi 46 cikin 100. Mu kuma muna da tabon da ya riga mu zuwa, tun da a 2015 Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari. Kayan abincin da ya fito daga Nijeriya ba ya samun sassauci a wajen mai dubawa.

Mazubi kafin hanya

Yawancin masu zumarmu jarkar man girki mai ruwan ɗorawa suke saye su wanke. Zuwa Kamba ko Gaya tana yin aiki, in dai an tabbatar mai ne kawai ya taɓa shiga cikinta. Matsalar ita ce jarka ba ta faɗin tarihinta. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, zuma za ta jawo warin, gwaji kuma zai nuna. Ga duk abin da zai hau jirgi, sabuwar jarka ko sabon bokitin roba na abinci mai murfi mai hatimi shi ne mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Amfanin jarka shi ne mutum ɗaya na ɗaukarta, in ɗaya ta fashe asarar kilo 35 ce, kuma mai ƙaramin shago a can yana iya juye ta ba tare da na'ura ba. Aibinta yawan baki: kowane murfi ƙofar yoyo ce.

Duron ƙarfe shi ne mazubin da cinikin zuma na duniya ya saba da shi, amma ba kowane duro ba. Zuma tana da ɗan tsami a halittarta, tana cin ƙarfe tsirara, ta yi baƙi, ta ɗauki ɗanɗanon tsatsa. Dole cikin duron ya zama mai shafen da aka yi don abinci, kuma mai buɗaɗɗen baki ya fi, saboda in zuma ta isa ƙasar sanyi daskarewa take yi, ta fi saurin yin haka a wajen digiri 14. Daskararriyar zuma a duro mai ƙaramin baki sai an sa shi a ɗakin ɗumi kwanaki kafin ta fito. Sannan akwai tankin roba mai keji na lita 1,000, wanda ke ɗaukar kusan kilo 1,400. Ya fi sauƙin cikawa da juyewa ga masana'anta, amma ba ya motsi sai da motar ɗaga kaya, kuma in ƙusa ta huda shi a hanyar Kontagora, tan guda da ɗoriya ne zai malale a kwalta. A ganina tankin na wanda ke da masana'anta a nan da masana'anta a can ne. Ɗan ƙanwata bai kai nan ba, yawancin masu karanta wannan ma haka.

Kwalabe da aka riga aka liƙa wa suna kuwa, su ne suka fi kawo riba a kan kowane kilo, su ne kuma suka fi jawo ido. Da zarar ka ɗura ka liƙa takarda, ka shiga hurumin rajistar NAFDAC a gida da dokar lakabin abinci ta ƙasar da za ka kai, ga nauyin gilashi da za ka biya wa dako.

Hanyar Kamba

Wannan ce hanyar da kakanninmu suka sani. Daga Birnin Kebbi zuwa Kamba ba ta kai tafiyar rabin yini ba, Gaya kuma na nan kusa da iyaka, Malanbil ta Binin tana tsallaken kogi. Ta ɓangaren Bagudo akwai Lolo da Tsamiya masu fuskantar ƙasar Binin. Wanda ya taso da asuba zai sauke kaya kafin rana ta yi tsaka, ke nan zafi bai samu damar yi wa zumar komai ba. Mai saye yana gabanka, ya buɗe jarka, ya lasa, ku yi ciniki da Hausa ko Zabarmanci ko Dandanci, ya ƙirga maka sefa. Ita kuma sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, 655.957 a kan yuro guda, don haka ba ta yi maka irin tsallen da naira ke yi tsakanin ranar ciniki da ranar biya.

Ribar kowace jarka ba ta kai ta Turai ba, ko kusa. Mai sayen Gaya ya san farashin zuma a Zuru kamar yadda ka sani, kuma shi ma yana da zumar Binin a gefensa. Abin da kake ci shi ne saurin juyawar kuɗi: a wata guda kana iya zuwa sau uku ko huɗu. Ga kuma shingaye a hanya, wanda duk mai dako ya san yadda suke cin lokaci da aljihu.

Babban ciwon wannan hanya shi ne ba a hannunka take ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka buɗe wasu a Disamban 2020, amma Kamba sai a Afrilun 2022. Ba a jima ba aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Wanda ya gina kasuwancinsa kacokan a kan ƙofa ɗaya, sanarwar dare ɗaya a rediyo tana iya zaunar da shi shekara. Da yawa sukan koma kwale-kwale da hanyoyin daji idan haka ta faru. Ban ba kowa wannan shawarar ba, don ranar da aka kama kaya babu takardar da za ka nuna, ranar da kwale-kwale ya kife babu inshorar da za ta biya.

Akwai wata asara da ba a gani a cinikin hannu da hannu: ba ya barin sawu. Shekara biyar kana fitar da zuma, amma a idon banki ba ka taɓa fitar da cokali guda ba. Ranar da kake neman rance ko babban mai saye ya ce ka nuna tarihin fitar da kayanka, sai ka rasa abin nunawa.

Ta sama

Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa yana ɗaukar alhazai, amma kayan kasuwa zuwa ƙetare sai an kai Kano, Abuja ko Legas. Ga mutumin Kebbi ko Zamfara, Kano ta fi hannu, ga jiragen da ke bi ta Adis Ababa da Alƙahira suna rarraba kaya zuwa Gabas ta Tsakiya da Turai. Daga ranar da kaya suka tashi, cikin 'yan kwanaki suna hannun mai su. Zumar ba ta ga rana ba, HMF bai motsa ba, kuɗinka bai kwanta ba. In an ƙi karɓa, asarar kilo 300 ko 500 ce, ba ta tan 20 ba.

Tsadarsa kuwa ba a magana. Tun da da kilo ake biya, zuma kuma nauyi ce zalla, kuɗin jirgi kan kai kuɗin zumar kanta, wani lokaci ya fi. Lissafin yana fita ne kawai in mai sayen yana sayarwa a kwalba da tsada ga mutanen da ke neman zumar gida da sunanta, irin 'yan uwanmu mazauna Landan ko Jidda ko Dubai. In masana'anta ce mai neman zuma mai arha don haɗa biskit, ka manta da sama, don da zumar Sin da ta Ajantina da ta Indiya za ka yi gogayya, su kuma da kwantena suke kai tasu.

Wani abu da sabon shiga ba ya sani: kamfanonin jirgi suna tsoron kayan ruwa-ruwa. Iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce, murfin da bai zauna ba yana tsiyaya, jarkar da aka cika maƙil ba ta da wurin numfashi. A bar ɗan fili a sama, a sa hatimi a baki, a sa jarkar cikin leda mai kauri, sannan cikin kwali, a ɗaure a kan katako. Wanda ya kai jarka tsirara za a dawo masa da ita a ƙofar sito, ko ejan ya caje shi kuɗin sake ɗauri mai zafi. Kuma kada a ruɗu da dabarar bai wa matafiya su tafi da ita cikin akwati. Mai shiga Ingila daga nan kilo 2 kacal aka yarje masa, don amfanin kansa. Wannan ya isa kai ɗanɗano, bai isa ciniki ba.

Kwantena

A nan ne idon kowa yake, a nan ne kuma zan daɗe. Gaskiya ne babu hanyar da ta kai jirgin ruwa arha a kan kowane kilo. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen tan 20 na zuma, duro 60 da wani abu zuwa 70. Kada ejan ya ruɗe ka da mai ƙafa 40, don nauyin da aka yarje mata bai fi na ƙaramar da wani abin kirki ba, sai ka biya kuɗin fili ka loda iska.

To amma a tsaya a kan tan 20 ɗin. Jarka kusan 570 ke nan. Ko mun ɗauka kowace amya ta ba da kilo 10, wanda ga amyar gargajiya rabo ne mai kyau, sai an girbe amya 2,000. Daga ina? Dazukan da suka fi zuma a wajenmu, na Danko-Wasagu da Sakaba da waɗanda suka miƙa cikin Zamfara ta Ɗansadau, su ne waɗanda rashin tsaro ya hana mutane shiga yadda suka saba. Ke nan sai an bi kasuwa-kasuwa ana tara ta mutum ɗari, wannan baƙa, wannan ja, wannan farar saƙa, wannan mai warin hayaƙi. Mai sayen kwantena kuwa abu ɗaya yake so: duro na farko ya zama daidai da na ƙarshe, kuma daidai da samfurin da aka aika masa. Jarka goma masu algus da suka shige cikin tari suna iya kayar da kwantena sukutum. Kuma kafin ka tara, wadda ka fara saye a Fabrairu tana kwance a shago tana shan zafin Afrilu.

In an tara, sai hanya. Daga Birnin Kebbi ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan har Legas ta haura kilomita 800, tirela mai nauyi kan kwana biyu ko uku in ba ta lalace ba. Direban da ya san kayansa da dare yake tafiya, da rana ya nemi inuwa, ya lulluɓe duro da buhunan algarara ko tabarma. A Legas kayan fitarwa sukan bi ta wuraren tantancewa irin na Lilypond kafin su shiga Apapa ko Tin Can, ga kuma sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023. A arewa akwai tashoshin tsandauri na Kaduna da na Dala a Kano, inda ake iya gama takardu a rufe kwantena tun daga nan, abin da ke rage yawon Legas, ko da yake bai rage nisan teku ba. Matsalar ita ce kwanakin da ba ka lissafa ba: takarda ɗaya ta makara, jirgin da aka yi maka alkawari ya tashi, kwantena ta zauna a fili mako biyu tana jiran na gaba, rana na dukanta, kuɗin kwana na hawa. Sannan tafiyar teku ta makonni. Daga ranar da ka biya mai amya zuwa ranar da kuɗinka zai dawo, wata huɗu ko biyar ba abin mamaki ba ne. Mai jarin da bai iya jure wannan kwanciyar ba, kwantena za ta karya shi ko da zumar ta isa lafiya.

Akwai kwantena mai sanyi, wadda ke maganin zafin, amma kuɗinta ya ninka, kuma cinikin zuma na duniya yawanci ba da ita ake yi ba. Akwai kuma kwantenar haɗaka, inda ejan ke haɗa kayan mutane da yawa. Ga mai tan ɗaya ko biyu tana da jan hankali, sai dai ba kai ke zaɓar maƙwabta ba. Zumarka na iya tafiya wata guda kusa da banda da daddawa, in kuma jarkarka ce ta yi yoyo a kan kayan wani, kai za ka biya. In kayan mutum ɗaya suka samu matsala a wajen kwastan na can, duk kwantenar ce ke tsayawa.

Takardu iri ɗaya ne ga sama da ruwa, kuma ba su duba ƙanƙantar kaya. Sai kana da kamfani mai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka cika fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, ka biya harajin duba kayan fitarwa da ake kira NESS na rabin kashi ɗaya cikin 100 na darajar kayan, a duba su a ba ka shaidar dubawa. Tun da zuma daga dabba ta fito a lissafin doka, ana neman shaidar lafiya ta likitocin dabbobi, ga hukumar NAQS mai kula da fitar kayan gona, ga shaidar asalin kaya. Kuɗin cinikin kuma doka ta ce su dawo ta banki cikin kwana 180. Wahalar takardun kwantena guda da ta kwali 20 kusan ɗaya ce, shi ya sa ƙaramin lodi ke jin nauyinsu fiye da babba.

Amma takardar da ta fi kashe mutane ba a Nijeriya take ba. Turai da Ingila ba sa karɓar zuma sai daga ƙasar da suka amince da tsarinta na sa ido kan ragowar magunguna, Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2024 ta ƙara da cewa ita kanta masana'antar da ta tace zumar sai sunanta na cikin jerin da aka amince da shi. Saudiyya ma tana da nata jerin. Amurka tana son wurin sarrafawar ya yi rajista da hukumarta ta FDA, a kuma sanar da ita kafin kaya su iso. Mai shago a Ingila yana iya son zumarka da zuciya ɗaya alhali bai taɓa shigo da ita da kansa ba, bai san waɗannan ba. Kayan da aka ƙi a tashar can, ko a lalata su ko a dawo da su, kuma duka biyun da kuɗinka. Saboda haka kafin cokali ya bar Kebbi, mai sayen ya kawo rubutacciyar shaida daga ejan ɗinsa na can cewa zumar Nijeriya, daga wurinka, za ta shiga. A kuma rubuta inda alhakinka ya ƙare. In an yi ciniki a kan FOB, da kaya sun hau jirgi a Legas ka fita. In CIF ne, kuɗin jirgi da inshora har tashar can a wuyanka suke, sai ka sa su cikin farashi.

Wani zai ce, to me ya hana a bar zuma a kama mazarƙwaila, tun da ga rake a fadamunmu? Tana da nata sauƙin. Ba ta yoyo, ba ta kumbura jarka, tsiro ce ba dabba ba, don haka dokokinta sun fi sauƙi. Amma tana shan danshi kamar soso. Kwantenar da ta taso daga zafin Legas ta shiga sanyin teku tana yin gumi daga rufi, mazarƙwailar da aka zuba a buhu sai ta isa a narke, ta yi fumfuna. Sai an naɗe kowane curi a leda an rufe ruf. Kuma kasuwarta a duniya tana hannun Indiya da Kolombiya, masu yin ta da tsabta da siffa iri ɗaya, alhali tamu takan zo da toka da ɓawon rake. Kasuwarta ta gaskiya ita ce ta mota, Nijar da Binin da zangon Hausawa na Gana. Farin sukari kuwa ba wasan ƙaramin ɗan kasuwa ba ne: mu kanmu ɗanyensa muke shigowa da shi, akasari daga Barazil, a jiragen ruwa, manyan matatu su tace.

Abin da na ce wa yaron shi ne ya kama na Gaya yau, don kuɗi ne a hannu, kuma jarka 40 ba ta fi ƙarfinsa ba. Na Ingila kuma kada ya ce a'a, kada ya ce to. Ya fara sayen 'yar na'urar auna ruwan zuma, wadda ba ta fi tocila girma ba, ya riƙa ɗiga kowace jarka a gaban mai ita kafin ya biya, duk wadda ta haura 18 ta tafi kasuwar gida. Ya zaɓi masu amya kaɗan da ya yarda da su, ya ba su sababbin bokitai, ya hana su ɗora saƙa a wuta. Ya kai samfuri ɗakin gwaji ya karɓi sakamako a rubuce. In shaidar ejan ta zo daga can, ya aika kilo 200 ko 300 ta Kano, ba rabin tan ba, kuma mai sayen ya biya kuɗin jirgi da rabin kuɗin kaya tun kafin su tashi. Maganar kwantena kuwa sai ranar da shi da 'yan ƙungiyarsu suke da wurin tacewa guda, da tankin gauraya, da mai sayen da ya karɓi kayansu sau uku ta sama bai yi ƙorafi ba.

Ya ɗan yi shiru yana juya wayar, na ga ba haka ya so ji ba.

"Kawu, ai ka rage mini hanya da yawa."

"Je ka kai na Kamba tukuna. Ka fita da asuba, kuma ka canza murfin jarkokin nan, na ga uku ba su da roba a ciki."